Ɗakin Kulu da Na Kira Sito

Na gode wa Allah da ya bar mini hankalina har na iso wannan wuri, domin na daɗe ina kewaye shi. Ku 'ya'yana, musamman kai Haliru da kake babba, kun tashi kuna jin ana cewa Baffanku Sambo na Rabah ya kore ni daga kamfani ya cinye rabona. Ban taɓa faɗa muku haka da bakina ba, amma ban taɓa ƙaryatawa ba, kuma na san abin da shiruna ya jawo. To ga yadda abin ya faru.

Ana saura 'yan shekaru Turawa su tafi, mu uku muka haɗa jari muna cinikin fata da ƙirgi. Na farko shi ne Sambo, ɗan wan mahaifina, wanda ya girme ni da kusan shekara goma, mutum mai nauyin baki, in ya ce a'a sau ɗaya ba ya maimaitawa. Ta biyu Gwaggo Tumba ce ta Goronyo, ƙanwar iyayenmu maza, wadda ta yaye ni bayan rasuwar mahaifiyata. Mijinta ya rasu ya bar mata shanu huɗu, ba ta da ɗa ko ɗaya a raye, sai ta sayar da uku ta zuba kuɗin a hannunmu. Na uku ni ne, Mani, a nan Wurno. Sambo yana saye wajen mahautan Rabah da Gandi, ni ina bin Wurno da Marnona har Taloka. Mu shanya a inuwa, mu ware masu kyau, mu ɗaure, jakai su kai Sakkwato kantin Turawa. Akawun kantin ne ya ba mu shawara mu yi wa tarayyar suna, mu riƙa ajiye littafi, shi ya sa ake ce mata kamfani. Da yake ni na iya boko da ajami, littafin da akwatin kuɗi suka zauna a wurina. Duk kaka sai mu zauna, a fitar da abin da aka kashe wajen sana'a, a raba riba uku.

Ba rana ɗaya na lalace ba. Da turmin atamfa na fara, na ce in an ci kasuwa zan mayar, kuma na mayar. Na biyu ban mayar da wuri ba. Daga nan hannuna ya saba da murfin akwatin. A shekarar mahaifiyarku Kulu tana ɗauke da cikinka, Haliru, bayan mun binne jarirai biyu a tsohon ɗakin nan mai danshi da ke bayan rumbu. Na sa wa raina cewa wannan karon a ɗakin kwano za ta haihu, mai daɓen siminti, irin wanda a lokacin ana iya ƙirga su da yatsu a garin nan. Da na nemi rance wajen Sambo, na tabbata da ya ba ni ko rabi ne. Amma ina son a ce Mani ya yi da ƙarfinsa. Na ɗebi fam talatin da biyu daga akwati, na sayi kwano da katako da siminti, na biya magina, sannan na buɗe littafi na rubuta da hannuna: ginin sito na kamfani.

Ranar rabon riba Sambo ya ɗora yatsa a kan layin.

"Sito?"

"Sito, Yaya. Damina tana ɓata muna hwata."

"To, madalla," in ji shi. Bai ce in kai shi ya gani ba. Rabon kowa ya ragu, aka aika wa Gwaggo nata tare da saƙona cewa sito aka gina, ita ma ba ta tambaya ba.

Aka haife ka a ɗakin, aka yi suna, mata suka cika gida suna yaba rufi. Na yi zaton magana ta mutu.

Da damina ta kankama, sai ga Malam Ladan, malamin haraji na gunduma, wani siriri mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da zare. A zamanin, talakawa harajinsu na hannun masu unguwa, amma 'yan kasuwa irinmu ana yanka mana namu daban, wanda ake kira kuɗin masu arziki. Ana duba littafi, a cire abin da aka kashe don sana'a, a yanka haraji a kan abin da ya saura. Ya zauna a zaurena yana bin layi ɗaya bayan ɗaya har ya iso wurin. Ya ce yana so ya ga siton. Na ce cikin gida yake, kuma gidan kulle ne. Ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa.

"Malam Mani, maiɗakina ta zo sunan ɗanka. Ta ba ni labarin jere da labule da gadon ƙarhe. Ban taɓa ganin sito da gadon ƙarhe ba."

Ya soke kuɗin daga cikin na sana'a, ya rubuta su a matsayin ribar da ni kaɗai na ci. Harajina ya ninka na bara har uku. Sannan ya sassauta murya ya ce mini:

"Ka biya, magana ta tsaya nan. Abin da ke tsakaninka da 'yan'uwanka ba aikina na ba."

Da na ji shawararsa, da wannan babin gajere ne. Amma na san ana karanta sunaye da abin da aka yanka wa kowa a ƙofar hakimi, kuma Sambo zai ji nawa ya ninka nasa alhali rabonmu ɗaya. Tsoro ya hau ni, sai ya fito mini a matsayin fushi. Na ce masa hassada ce ke cinsa, na ce yana leƙen gidajen mutane ta idon matarsa. Na faɗa da ƙarfi har na kan hanya suka tsaya. Bai rama ba. Ya naɗe takardunsa ya ce in ban yarda ba ina da ikon kai kuka wajen Di'o, Baturen mulkin da zai zo rangadi nan da mako biyu. Na ce na kai.

Don ƙaryar ta tsaya da ƙafarta, sai na samo takardar da ke nuna abokan tarayyata sun san da ginin sito kuma sun yarda. Na rubuta ta, na hau doki na nufi Rabah. Na tarar da Sambo a ƙarƙashin rumfa yana kankare ƙirgi. Na yi ta zagaye-zagaye, ina zagin malaman haraji, yana saurare bai ɗago ba. Da na miƙa masa takardar ya karanta har ƙarshe, sannan ya dube ni.

"Mani, sito na ko ɗaki na?"

Na kasa ɗaga kai.

"Na ji," ya ce. "Ba ni sa hannu ga wagga takarda. Ba ni kuma tona ka ga kowa, har in mutu. Amma in anka tambaye ni, ba ni yin ƙarya. Ka san wanga tun yanzu."

Ya sa aka kawo mini fura, ya tambayi lafiyar jariri, ya raka ni har bakin gari. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Kwana biyu bayan haka na kama hanyar Goronyo. Marka ce, fadama ta cika, doki yana nitsewa cikin laka har gwiwa. Na isa da azahar ana yayyafi. Na sami Gwaggo a ɗakinta ta jawo gadonta tsakiya, ta jera tasoshi uku suna tarar ruwan da ke zuba ta rufi. Idonta ya riga ya yi rauni, da muryata ta gane ni. Ta yi murna ƙwarai, ta shafa fuskata, ta ce na rame. Na tambaye ta me ya hana a yi mata sabon baibaya.

"Bana nis so in yi, sai rabo yaz zo kaɗan. Ba komi, ɗana. Tunda sito anka gina, baɗi hwatunmu ba su ɓaci, sai in yi rufi mai kyau."

Na zauna ina jin ruwa yana ɗiga cikin tasa. Duk da haka na zaro takardar da kwalbar tawada.

"Mi anka rubuta ciki?"

"An rubuta kin san da zancen sito, Gwaggo."

"To ai na sani. Ba kai kah hwaɗa min ba?"

Ta miƙo babban yatsanta tana dariya, wai ta zama ma'aikaciyar hukumar En'e da tsufanta. Na kama yatsan na shafa masa tawada na dangwala. Da zan tafi ta ciro wani ɗan gwado da ta kaɗa zarensa da hannunta ta ba masaƙi, ta ce in lulluɓe mata mai sunan mijinta, wato kai, Haliru. Ina so in ce muku na yaga takardar a hanya. Ban yaga ba. Na sa ta cikin jakar fata don kada ruwa ya taɓa ta.

Ana gobe Di'o zai zo na ce wa Kulu ta kwashe kayanta. Ta tsaya riƙe da kai, Haliru, a kafaɗarta tana dubana.

"Zuwa ina, Malam?"

"Tsohon ɗaki. Kwana biyu kawai."

Ta san ɗakin da nake nufi, ta kuma san abin da ta bari a cikinsa. Na ɗauka za ta yi kuka ko faɗa. Sai ta ce:

"Ɗakinka na, ka sa abin da kaka so ciki. Amma in sunka ce a kira ni, ka ce musu ba ni lahiya. Ban iya buɗe baki in hwaɗi abin da ba shi na ba."

Da hannunta ta sauke jeren nan, tasa bayan tasa, ba ta bari na taɓa ko ɗaya ba. Ta shiga tsohon ɗakin da muke ajiye harawa, ta share gefe ta shimfiɗa tabarma. Ni kuwa na kwance gado, na cire labule, na cika ɗakin da fatu har kusan rufi. Kafin gari ya waye ka fara tari.

Da hantsi suka iso: Di'o, wani saurayin Bature mai jan wuya, da tafintansa, da wakilin hakimi, da dogari, da Malam Ladan. Sambo ma yana nan, don an aika masa sammaci a matsayinsa na abokin tarayya. Ya tsaya can gefe ya harɗe hannu a baya. Di'o ya leƙa ɗakin, wari ya bugi hancinsa, ya ja da baya ya toshe da hankici. Ya dubi ɗaurin fatu, ya dubi takardar da ke hannuna, na nuna masa yatsan Gwaggo. Na ga a fuskarsa ya gamsu. Ya juya wajen Malam Ladan ya yi magana da zafi, tafinta ya fassara: wai ya wahalar da ɗan kasuwa mai gaskiya bisa gulmar mata, kuma zai rubuta Sakkwato a duba ko ya cancanci kujerarsa. Malam Ladan ya ce, "Abin da nir rubuta shi nas sani." Na san yana da 'ya'ya bakwai.

Ku lura da kyau, na riga na yi nasara a lokacin. Ba kama ni aka yi ba.

Sai Di'o ya ce, tunda malamin ya kafe, don a rufe magana za a tura dogari Goronyo ya zo da tsohuwar da ta dangwala, ta rantse gaban alƙali cewa ta san ginin sito ne. Sannan ya tambayi dalilin da ya sa babu hannun abokin tarayya na biyu. Tafinta ya juya ya kira sunan Sambo. Sambo ya tako gaba taki biyu. Bai dubi Bature ba, ni ya duba. Ba harara ba ce, kallon mutumin da za a sa ya yanka abin da yake so ne. Na hango Gwaggo bisa jaki cikin lakar nan, na hango ta ɗora hannu a kan Alƙur'ani da zuciya ɗaya, don kawai ni na faɗa mata. A daidai nan tarinka ya taso daga tsohon ɗaki, na ji Kulu tana jijjiga ka. Ban san lokacin da na durƙusa ba.

"Ranka shi daɗe, ba sito na ba. Ɗakin matata na. Jiya nis sa hwatun ciki. Kuɗɗin kamhwani nid ɗauka nig gina shi, su ba su sani ba. Tsohuwa ba ta san abin da tad dangwala ba. Malam Ladan ad da gaskiya."

Tafinta ya yi jinkiri kafin ya juya maganar, kamar yana ba ni damar in janye. Da Di'o ya fahimta, jan wuyansa ya hau har kunne. Ya ce wannan ya wuce zancen haraji, takardar ƙarya ce, kuma wurin mai ita gidan yari ne. Dogari ya matso kusa da ni.

A nan Sambo ya buɗe baki, kuma ban taɓa jin ya yi doguwar magana irin ta ranar ba.

"Ranka shi daɗe, kuɗɗin da yaɗ ɗauka namu na, ni da Gwaggonmu, kuma ba mu kawo ƙara ba. Mun san yadda za mu yi da ɗan'uwanmu. Naku haraji na. Ku hwaɗi abin da kunka yanka, da tara in akwai, ni ka biya kahin kwana bakwai. In ban biya ba, ni za a ɗaure."

Di'o ya ce to takardar fa? Sai ga muryar Malam Ladan, mutumin da na ci wa mutunci a bainar jama'a, wanda saura kaɗan in raba shi da abincin 'ya'yansa.

"Ranka shi daɗe, takardar ba ta shigo hannun hukuma ba. Ga ta nan hannunai, nuna ta kawai yay yi. Abin da ke littahina shi na na hwarko, kuma ya amsa shi da bakinai."

Di'o ya daɗe yana dubansa. Ya yi shawara da wakilin hakimi, sannan ya ce a biya harajin da tara cikin mako guda, kuma kada ya sake jin sunana. Ya hau dokinsa ya tafi.

Da taro ya watse Sambo ya shiga zaure ya ce in kawo littafi da akwati. Na kawo. Ya ɗora akwatin a kafaɗa ya fita da shi ta ƙofar gidana da rana tsaka, mutane na kallo. Abin da garin ya gani ke nan, kuma daga nan labarin da kuka ji ya samo asali. Waɗanda suka san abin da ya faru a tsakar gida kaɗan ne, kuma masu riƙe baki ne. Abin da garin bai gani ba shi ne, ranar kasuwar Gandi Sambo ya sayar da bijimansa biyu ya biya harajin da tarar. Jarina kuwa aka ƙimanta shi, aka mayar wa Gwaggo haƙƙinta cif, aka rage masa wani abu daga nasa, sauran ya ce ya yafe. Na tashi da jaki ɗaya da ɗakin kwano. Ana zaginsa a majalisa yana ji, bai taɓa kare kansa ba, domin ya ce ba zai tona ni ba.

Abin da ya fi mini wuya shi ne komawa Goronyo. Na zauna a gabanta na faɗa mata komai. Da na gama sai ta ɗaga babban yatsanta kusa da idonta tana dubawa, ko da yake tawadar ta daɗe da gogewa.

"Kuɗɗi da ka roƙe ni da na ba ka, Mani. Dut da na ba ka. Amma yatsana kas sa ga ƙarya?"

Ta juya mini baya ta kwanta. Na koma da kaka na yanko shuci da kaina, na hau na yi mata baibaya. Kwana huɗu ina aikin, tana aiko mini da ruwa ta hannun maƙwabciya, ba ta ce mini uffan ba. Rana ta biyar ina sauko da tsani na ji ta daga ciki.

"Kai, mai taurin kai. Wanke hannu ka zo ka ci tuwo."

Na ci ina kuka, tana faɗan na bar miya na zuba a tabarma. Ta yi damina biyu a ƙarƙashin rufin kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma a hannuna ta cika.

Shekara huɗu ina saya wa Sambo fata yana ba ni la'ada, ina bin jaki da ƙafa a hanyoyin da a da nake bi bisa doki. Kulu ta mayar da jerenta, amma sai da ta yi wata uku tana turare kafin warin ya fita. Ta kama sana'ar ƙuli-ƙuli, da shi muka ci a lokutan da la'ada ba ta kai ba, kuma har ta koma ga Allah ba ta taɓa yi mini gorin ranar nan ba. Tarinka ya warke kafin kaka. Malam Ladan kuwa na je har gidansa na ba shi haƙuri, ya ce aikinsa ya yi, ya sa aka kawo mini goro. In kun haɗu da jikokinsa ku girmama su.

Kun san ni na riƙe ƙananan 'ya'yan Sambo da dukiyarsu bayan rasuwarsa, kun kuma ji ana yabona wai na rama cuta da alheri. Na karɓi yabon nan shekara da shekaru, alhali ba nawa ba ne. Da ciwonsa ya yi tsanani ya aiko in zo Rabah. Na tarar da ɗakin cike, ga surukansa, ga limamin unguwa, ga mutanen da ba a taɓa jin kansu da kowa ba. Ya sa aka ɗaga shi ya jingina, ya ce a gaban kowa ni ya bar wa amanar yaran da abin da ya tara musu. Na matsa kusa da kunnensa.

"Yaya, ni? Ka manta?"

"Ban manta ba," ya ce, numfashinsa yana sarƙewa. "Waɗanga duka mutanen kirki na, amma ban san mi za su yi ba ranar da kuɗɗi sunka kira su. Kai na gani da idona. Ka riga ka ci nasara, ba wanda yak kama ka, kad durƙusa. Miƙo hannunka."

Na miƙa. Ya riƙe shi da ɗan ƙarfin da ya rage masa, bai saki ba har liman ya gama addu'a.